Lambun tunawa da waɗanda suka riga mu a bayan coci: ya dace ko bai dace ba?

Maman_Rifkatu: Salama gare ku 'yan'uwa, ina kwananmu. Dan Allah shawara nake nema, kuma a yi mini haƙuri maganar za ta ɗan yi tsawo. A majami'armu (ba zan kama suna ba) akwai wani fili a baya, ba wani babba ba ne, shekara da shekaru ba abin da ake yi da shi sai tara karyayyun bencina da zubar da shara. To mu 'yan zumuntar mata muka kai wa dattawa shawara a share shi a mai da shi lambu, a dasa itatuwa a sa wurin zama, sannan a jikin katanga a riƙa rubuta sunayen 'yan ikilisiya da suka yi barci. Ba binne kowa za a yi a wurin ba fa, suna kawai. Ranar Lahadi bayan sujada aka zauna a kai, kai jama'a sai ga taro ya koma hayaniya, wani dattijo ya ce wannan bautar matattu ce muke so mu shigo da ita ta bayan gida, wani ya ce gara a gina shaguna. Ni dai maigidana shekara 4 ke nan da rasuwarsa, a ƙauyensu aka binne shi, tafiyar kusan awa 5 ce ga hanyar ba tsaro, sau 2 kacal na taɓa zuwa kabarin. Yarana ƙanana ba su ma san wurin ba. Shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Laifi ne?

DanWusasa77: Mama sannu, Allah ya ƙara ta'azantar da ku. Ni ban ga laifi ba ko kaɗan.

Dattijo_Samaru: 'Yata ina jin zafin da kike ji, ni ma na binne mata. Amma bari in faɗi abin da nake tsammani shi wancan dattijon yake tsoro, don ba mahaukaci ba ne. Mu da muka taso a ƙauye mun ga yadda iyayenmu suke zuba burkutu a gindin itace suna kiran sunan kakanni, da ƙyar bishara ta raba mutane da wannan. Yau ki dasa itace ki ce na wane ne, gobe wata ta zo ta durƙusa a gindinsa tana gaya wa mamacin damuwarta, jibi a fara kawo kyandir. Abu da kaɗan-kaɗan yake farawa.

Saratu_Hanwa: Baba da girmanku, amma ai ko hoton Mama da ke rataye a falonku mutum zai iya tsayawa ya yi masa magana, kun cire shi?

Dattijo_Samaru: Saratu ke dai ba ki da dama. Ban cire ba.

Rabaran_Mai_Ritaya: Salama. Tun da an taɓo Littafi bari in sa baki. Tunawa daban, sujada daban. A Farawa sura 23 Ibrahim ya sayi fili da kogon Makfela da kuɗinsa, azurfa 400, don ya binne Saratu, ya ƙi karɓa kyauta saboda yana so wurin ya zama tabbatacce ga zuriyarsa. A sura 35 Yakubu ya kafa dutse a kan kabarin Rahila, a cikin surar nan kuma aka binne Debora mai renon Rifkatu a gindin itace har aka sa wa itacen suna saboda kukan da aka yi. Joshuwa sura 4 duwatsu 12 aka jera musamman don in yara sun tambaya a ba su labari. Kuma kada mu manta Yohanna 19:41, Ubangijinmu kansa a cikin lambu kabarinsa yake. Abin da aka hana shi ne neman magana da matattu, Maimaitawar Shari'a sura 18. Don haka tsoron Dattijo yana da tushe amma maganinsa koyarwa ce daga bagade. Ni abin da ya fi damuna ban ji an ambata ba tukuna: wa zai biya, kuma sunan wa zai hau?

Maman_Rifkatu: Baba Rabaran kamar kuna wurin. Kwamiti ya yanke kowane suna naira 25,000, wai kuɗin allon ƙarfe da mai rubutu da kula da wurin.

Bulus_PZ: Toh ga inda gizo ke sakar. 25k? a wannan tsadar? kenan wanda babansa maigadi ne ya share shekara 30 yana share cocin yana kada kararrawa sunansa ba zai hau ba, amma wanda ke zuwa sau daya a shekara ranar Kirsimeti da babbar mota shi zai sa babansa da mamansa da kakansa har da kanin kakansa. Ai mun gani a tagogi da bencina, ko'ina "kyautar iyalin wane", yanzu kuma har a mutuwa sai an nuna mana mu talakawa ne. In haka ne a bar sharar a wurin ta fi

Saratu_Hanwa: Yaya Bulus a yi sanyi mana, amma gaskiya ka faɗa.

Injiniya_Kongo: Allon ƙarfe ma kuskure ne tun farko. 'Yan jari-bola ba su bar murfin kwalbati ba balle allon da aka ɗaure da ƙusa huɗu. A wata maƙabarta da na sani duk giciyen ƙarfe an kwashe, sai ramukan siminti suka rage, yanzu iyalai suna gardama wane kabari ne na wa. In za ku yi ku shafe katangar da siminti mai kyau a zana sunan tun yana ɗanye, ko a sassaƙa a dutse, duk girman rubutu ɗaya, ba Cif ba Farfesa ba Dokta, suna da shekara kawai. Buhun siminti ɗaya zai ɗauki sunaye da yawa, kun ga maganar 25,000 ta faɗi da kanta.

Bulus_PZ: Injiniya ka gama magana. Amma ka jira ka ga wanda zai yarda a rubuta babansa ba Cif

DanWusasa77: Maganar nan ta tuna mini da abin da kakata take faɗa. Ku duba mu a Wusasa, kowa ya san sunan Likita Miller, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, a 1929 mishan ya tashi ya koma Wusasa aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa, har yau tana nan tsaye, a 1932 Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito. Duk wannan a rubuce yake. Amma waɗanda suka kwaɓa ƙasar suka ɗora tubali fa? matan da suka ɗebo ruwan ginin? Sannan mutanen Gimi, zuriyar Isawa (wata ƙungiyar Musulmi masu ɗaukaka Annabi Isa) da suka karɓi bishara suka kafa gari, ciwon barci ya shiga ya kashe su da yawa, waɗanda suka tsira aka dawo da su nan. Kakata tana iya jero sunayen wasu daga cikinsu kamar karatu, ni lokacin ƙuruciya na ɗibana ban rubuta ba, ta rasu ta tafi da su. Yanzu ko uku ba zan iya kawowa ba. Da akwai katanga irin wadda Mama take faɗa da ba haka ba.

Hannatu_Ingila: Sannunku da gida, ina bin ku daga nesa. A nan irin wannan lambun kusan ko'ina akwai shi a harabar coci, amma ku sani dalilinsu daban ne, yawancin mutane a nan ƙone gawa ake yi, to tokar ce ake binnewa a lambun a ɗora ɗan dutse. Mu kuwa ba al'adarmu ba ce, don haka in kuna bayani ga ikilisiya ku fito fili ku ce ba toka ba gawa, kar wani ya je ya gani a intanet ya dawo ya ce ga abin da zumuntar mata ke shiryawa. Abin da na ga ya burge ni shi ne wasu suna ajiye babban littafi a cikin coci, kowace rana da shafinta, ranar da mutum ya rasu a buɗe shafin. Ba tsada, ba ɓarawo, ba akuya.

Bulus_PZ: sai gara

Hannatu_Ingila: Hahaha Bulus na manta da garar Zariya, a sa a akwatin gilashi toh.

Malam_Gona: Tun da an zo kan gara da akuya an shigo fagena. Kowa na maganar suna, ba wanda ya tambayi wa zai ba itacen ruwa a watan Maris. Mama ku ji da kyau, dasa itace ba wuya, raya shi ne aiki. Nan Zariya ruwa yana sauka sosai daga Mayu zuwa farkon Oktoba, daga nan sai hunturu sai bazara, wata 6 zuwa 7 ba ɗigo. In za ku dasa ku bari ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko Yuli, kar ku yi a Satumba don kawai ranar bikin coci ta faɗo a lokacin, saiwa ba za ta kama ba kafin rani. A haƙa rami kamu biyu, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ban da ɗanyen kashin shanu don shi ke kiran gara, a barbaɗa toka. Kowane dashe a kewaye shi da raga ko kwando, in ba haka ba awakin unguwa a yini ɗaya za su gama da shi. Shekara 2 na farko dole ban-ruwa da rani ko da sau 2 a mako. Kuna da rijiya ko burtsatse a harabar? in sai an sayi kurar ruwa wurin 'yan ga-ruwa to ku lissafa wannan kafin ku lissafa allo. Kuma shawarata kar a ce itace ɗaya na mutum ɗaya. Na ga inda aka yi haka, na wata baiwar Allah ya bushe na maƙwabciyarta ya yi kore shar, matar nan ta yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar, har ta fara cewa hannu aka sa. Ku dasa 5 ko 6 na kowa da kowa.

Maman_Rifkatu: Malam na gode ƙwarai, wannan na ƙarshen bai taɓa zuwa mini a rai ba, da ma niyyarmu kowa da nasa ne. Rijiya akwai amma tana ja baya wajen Afrilu. Wane iri za mu dasa?

Malam_Gona: Darbejiya ita ce ba ta ba da wahala, tana jure fari, gara ba ta cika damunta ba, shekara 3 kun sami inuwa, sai dai a nisanta ta da katanga da ginin coci saboda saiwa. Maɗaci ya fi kyau da daɗewa, irin waɗanda Turawa suka jera a bakin tituna, amma masu magani za su riƙa sassaƙe ɓawonsa. Itacen turare kar ku kusance shi, zai shanye muku rijiya. Shinge kuma ku yi da lalle ko zogale. Ku je Samaru wajen masu binciken gandun daji ko masu renon dashe na bakin titi ku zaɓa da idonku.

Saratu_Hanwa: Ni mangwaro nake so, aƙalla a sha.

Injiniya_Kongo: Mangwaro a wurin da ake son shiru? Anti Saratu kin manta yadda muke yi da dutse muna yara? Watan Afrilu gilashin tagogin cocin zai gaya miki.

DanWusasa77: A dasa rimi mana tun da Zariya ce, ai an ce rimayen Zazzau sun fi 'yan matan Zazzau alƙawari

Saratu_Hanwa: Za ka zo ka same mu ne. Kuma rimi a wannan ɗan filin? ka je Rimin Tsiwa ko Rimin Doko ka tambayi tsofaffi girman da yake yi, ga shi mutane na cewa gidan iskoki ne, ka ga ka ba Baba Dattijo hujja a hannu.

Dattijo_Samaru: Ina jin ku duka.

Abdul_TudunWada: Assalamu alaikum, ku yi hakuri in tsoma baki, ni Musulmi ne amma rabin dangina na Wusasa ne shi yasa aka sa ni a zauren nan. A wajenmu ba a gini a kan kabari, amma dasa itace ko haka rijiya da niyyar ladan ya kai ga mamaci abu ne da ake yi sosai, sadaka mai gudana, duk wanda ya sha inuwa ko tsuntsu ya ci. So ni abin bai zo min bako ba. Tambaya ta daya ce, gidaje irin namu da aka cakude, in dan uwana Kirista yace zai sa sunan kakarmu wadda ta rasu tana Musulma a katangar coci fa? ni gaskiya zan so a tambaye mu tukun, ba don gaba ba, don kar abin alheri ya jawo rabuwar kai a gida

Rabaran_Mai_Ritaya: Malam Abdul ka kawo magana mai nauyi, na gode. Ni a ganina kada a rubuta sunan kowa sai na kusa da shi sun yarda, ko Kirista ne ma. Akwai kuma waɗanda za a yi rigima a kansu a cikin gida: wanda ya rasu yana ƙarƙashin horon ikilisiya, mata ta biyu, wanda ya bar mu ya koma wata ɗarika, wanda ya ɗauki ransa. Na yi shekaru ina jana'iza, na san ranar da aka ce wane bai cancanci katanga ba ranar iyalinsa za su bar majami'ar. Gara dattawa su zauna su rubuta ƙa'ida tun babu sunan kowa a kan tebur.

Cecilia_SabonGari: Mu Katolika wannan gardamar ba ta taso mana ba, kowace 2 ga Nuwamba muna tunawa da dukan waɗanda suka mutu, a yi Mas a je maƙabarta a share a yi musu addu'a, kuma ana rubuta sunaye a kawo duk watan. Ban taɓa ganin wanda ya koma bautar kakanni saboda haka ba.

Dattijo_Samaru: 'Yata a nan ne muka bambanta, ku kuna yi musu addu'a, mu mun ce wanda ya tafi hisabinsa ya rufe, sai dai mu gode wa Allah saboda rayuwarsa. Ba gardama nake nema ba. Amma kin ga abin da nake faɗa, in ba a yi bayani ba yaranmu ba za su san inda iyakar take ba.

Cecilia_SabonGari: Na ji Baba, ba komai.

Yakubu_Kwangila: Ni fa har yanzu ina bayan mai shaguna. Kowa na ta tausayi amma ku duba zahiri, gwauraye nawa ne a cocin da ba sa iya biyan kuɗin makarantar marayu? shago 4 a bakin hanya haya duk shekara, a ce wannan asusun tunawa da wane da wane ne, a biya wa yaransu makaranta. Wannan ai ya fi itace. Mamaci ba ya zama a benci.

Maman_Rifkatu: Ɗana Yakubu, ni ce gwauruwar da kake magana a kai, kuma kuɗin makaranta yana ba ni wahala ba ƙarya. Amma filin ba a bakin hanya yake ba, a baya yake ƙurya, ba mai kama shago a wurin. Sannan benci ba don shi ba ne, don ni ne. Gidanmu ɗaki 2 ne a gidan haya, in abin ya taso mini ba inda zan zauna in yi kuka yara ba su gani ba, a cikin sujada kuma da ka share hawaye ido ya yi maka caa. Wani lokaci bayan an tashi nakan zaga bayan cocin in tsaya kusa da sharar nan minti 10 in dawo. Daga nan ma tunanin ya zo.

Yakubu_Kwangila: Mama ki gafarce ni, ban san haka ba ne.

Maman_Rifkatu: Ba ka yi laifi ba, maganar asusun ma zan kai, ba abin da ya hana a yi biyun.

Bulus_PZ: A koma kan kudi dan Allah kar a shashantar. ABU tun 1962 manya ake sa wa gine gine suna, Kashim Ibrahim, Ribadu, Alexander, ba laifi sun yi aiki, amma coci ba jami'a bace. Ni shawarata a yi baiko na musamman Lahadi daya, abin da aka samu a yi katangar da shi, kowane dan ikilisiya da ya rasu sunansa ya hau kyauta, mai kudi in yana so ya nuna ya sayi siminti ko ya yashe rijiyar, kar a rubuta cewa shi ya saya

Injiniya_Kongo: In aka yi haka ni zan zo in auna in zana kyauta. Amma ku bar rabin katangar ba rubutu, mu ma muna tafe.

Saratu_Hanwa: Kai Injiniya da safiyar nan!

Malam_Gona: Kuma a ba 'yan makarantar Lahadi ban-ruwa, aji-aji, kowane mako da nasu. In aka bar wa kwamiti wata 3 an manta.

Talatu_B: Ina ta karantawa tun jiya ban yi magana ba. Ina da tambaya amma ban san ko ta dace ba. Na haifi ɗa shekara 9 da suka wuce bai zo da rai ba, ina kwance a asibiti maza suka ɗauka suka je suka binne, ba a yi sujada ba, ba a raɗa suna ba, da na tambayi wurin aka ce in bar maganar Allah zai ba da wani. Ya bayar har 3 na gode masa. Amma wancan fa, in ana rubuta sunaye shi me za a rubuta?

Maman_Rifkatu: Wayyo ƙanwata. Ban da amsa amma na rubuta tambayarki a takardar da zan kai wa dattawa, ita ce ta farko.

Rabaran_Mai_Ritaya: 'Yata Talatu, ke a ranki wane suna kike kiransa?

Talatu_B: Akwai Baba. Ko babansa bai sani ba.

Dattijo_Samaru: Mu ma muna da biyu irin wannan, ni na haƙa da hannuna a bayan gari, yanzu an yi gidaje a wurin. Har matata ta rasu ba mu taɓa zama mun yi maganarsu ba. Har yanzu ina nan a kan bakana game da kyandir da durƙuso. Maman Rifkatu yaushe ne zaman naku na gaba?

Maman_Rifkatu: Lahadi ta sama Baba, in ma'aji ya dawo daga tafiya.

Malam_Gona: Kafin nan dai a fara kwashe sharar, kuma kar a ƙone ta a wurin, leda na ɓata ƙasa.